GWANJON INTANET: LA'ADAR DILLALI DA RIGIMAR MASU SAYE

Jama'a, 'yan'uwanmu mazauna Bronx da Harlem masu sayar da kaya ta gwanjon intanet sun yi yawa yanzu, har da wuya a zauna hira ba a ji wani ya kawo ƙarar mai sayen da bai taɓa gani da ido ba. Akwai masu atamfa da kente, akwai masu tsakiya da duwatsun wuya, da masu kayan sassaƙa, da mata masu man kaɗe da sabulun salo, ga kuma samari masu takalma da tsofaffin wayoyi. Kukansu iri biyu ne. Na fari, kuɗin da ke shiga hannu ba ya kai abin da aka yi ciniki a kai. Na biyu, mai saye ya karɓi kaya ya komo da rigima, a kuma ba shi gaskiya. Saboda haka muka ga ya kamata mu baje maganar nan a fili, domin wanda ya ke ciki ya gyara lissafinsa, wanda ke shirin shiga kuwa ya san zurfin ruwan tun bai sa ƙafa ba. A kan eBay za mu yi magana, gama shi ne babban gidan gwanjo, nan ne kuma mutanenmu suka fi taruwa.

Mu dai ba baƙin kasuwa ba ne. Neman goro ya kawo kakanninmu Salaga da Kumasi. Waɗanda suka riga mu zuwa Niyu Yok kuwa a bakin hanya suka shimfiɗa kayansu, a Titi na 125 cikin Harlem, har watan Oktoba na 1994 da magajin gari Giuliani ya tashe su aka mai da su kasuwar Titi na 116. La'ada ma ba yau muka fara jin sunanta ba. A kasuwar shanu ta Kumasi falke ya kan sauka wurin mai gidansa, mai gida ya ba shi ɗaki da abinci, ya sa dillalansa su nemo mahauta, in kuwa an ba da shanu bashi shi ne ya tsaya. Mahauci ya gudu da kuɗi, mai gida a ke riƙewa. La'ada ladan wannan tsayawa ce.

To, eBay ma dillali ne, amma dillali ne wanda ke karɓar la'ada a hannun mai kaya, in rigima ta tashi kuma mai saye ya ke fara tsaya wa. Ba a ɓoye ya ke yin haka ba, yana nan a rubuce cikin sharuɗɗansa. Yana da dalili kuwa. Mutumin da ke Kalifoniya ba zai aika da kuɗinsa wurin wanda bai sani ba a Bronx, sai in an lamunce masa cewa za su komo in kaya ba su yi ba. In babu lamunin nan, babu kasuwar ɗungum. Wanda ya gane wannan tun da fari ya rage wa kansa rabin ɓacin rai.

Wani mutum a ke kira Pierre Omidyar shi ya kafa gidan a Kalifoniya cikin watan Satumba na 1995. AuctionWeb a ke ce da shi a lokacin, sai a 1997 ya koma eBay. Abin da aka fara sayarwa wata 'yar tocila ce irin wadda a ke nuna allo da jan haskenta. Ta lalace, an kuma faɗa ƙarara cewa ta lalace, duk da haka wani ya taya har dala 14 da senti 83. A 1996 aka soma karɓar la'ada, a shekarar nan kuma aka buɗe wurin shaida, inda mai saye da mai kaya kowa ke rubuta yadda ya sami abokin cinikinsa, ko yabo ko zargi. Aka yi shekara 12 ana haka, sai ya zama duk mai kayan da aka zarga shi ma ya kan rama, har masu saye suka riƙa jin tsoron faɗin gaskiya. A 2008 kamfanin ya hana masu kaya rubuta zargi a kan masu saye. Tun daga ran nan mai kaya yabo kaɗai ya ke iya yi, ko kuwa ya kama bakinsa.

NAWA NE LA'ADAR?

Kasa kaya ba ya cin kome da fari. Kowane wata ana ba mutum damar kasa abu 250 kyauta, in ya wuce haka senti 35 ne kowane ɗaya. Babbar la'ada sai an sayar. Da can wuri biyu a ke biya, kashi 10 cikin ɗari na eBay, da kusan kashi 3 na PayPal mai karɓo kuɗi. Daga baya eBay ya karɓi aikin karɓo kuɗin da kansa ya haɗa biyun wuri ɗaya, tun daga nan kuwa hawa ta ke yi kaɗan kaɗan: kashi 12.9 a 2022, kashi 13.25 a 2023, kashi 13.6 a watan Fabrairu na 2025, a kan yawancin kaya ke nan. Littattafai da kayan ƙawa irin su sarƙa da zobe sun kai kashi 15. Bayan wannan akwai senti 40 a kan kowane cinikin da ya wuce dala 10, senti 30 in bai wuce ba. In mai sayen a wata ƙasa ya ke, a ƙara kashi 1.65.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne, ba a kan kuɗin kaya kaɗai a ke cire la'adar ba. A kan jimlar abin da ya fita daga aljihun mai saye ne, watau kuɗin kaya, da kuɗin aikawa, da harajin jiha. Na aikawar masu wayo ne suka jawo wa kowa. Da sai mutum ya sa wa abu senti 1, ya sa kuɗin gidan waya dala 30, don ya kuɓuta daga la'ada, har aka toshe ƙofar a 2011. Harajin kuwa ya biyo bayan hukuncin Kotun Ƙoli ta Amurka na 2018, wanda ya ba jihohi ikon karɓar harajin ciniki a kan kayan intanet. Kamfanin ke karɓa ya miƙa wa jiha, ko ƙwandala ba ta bi ta hannun mai kaya, amma ana lissafa masa la'ada a kanta.

Bari mu yi misali, gama lissafi ya fi dogon bayani. A ce ka sayi ƙyallen kente dala 60, ka kasa, tayi ya tsaya a dala 100. Mai saye ya biya dala 12 na aikawa da dala 8 na haraji, jimla dala 120. La'adar 120 ita ce dala 16 da senti 32, a ɗora senti 40, ta zama dala 16 da senti 72. Harajin ba naka ba ne, saura 112. Cire la'ada, saura dala 95 da senti 28. Ka biya gidan waya 12, saura 83 da senti 28. Kwali da salatif dala 2. In ka fitar da uwar kuɗi, ribarka dala 21 ce da senti 28, ba 40 ɗin da ka ke gani ran da ka ke kasa kaya ba. Ashe la'adar da aka ce 13.6 ce ta kusa 17 a kan kuɗin ƙyallen kansa.

Akwai kuma kuɗin talla. Mai kaya ya kan yarda a cire masa wani kashi na dabam domin a sa kayansa a gaba inda ido zai fara sauka. Ba tilas ba ne, amma in maƙwabtanka duk sun biya, kai ne a bayan rumfa. A misalinmu in ka yarda da kashi 5, dala 6 ke nan ta sake tafiya, riba ta koma 15 da 'yan kai. Mu a ganinmu abin da babu irinsa da yawa, kamar tsohuwar tsakiya ko saƙar hannu, ba ya bukatar talla, mai nemansa zai same shi. Kayan da kowa ke da su ne ke neman a ɗaga su, su ne kuma ribarsu ba ta da kauri tun asali.

'Yan'uwanmu na Ingila da ke karanta takardar nan, tasu ta ɗan bambanta. A watan Oktoba na 2024 kamfanin ya ɗauke la'ada daga kan masu sayar da kayansu na gida waɗanda ba 'yan kasuwa ba, ban da motoci, sa'an nan a Fabrairu na 2025 ya ɗora wani kuɗi a kan masu saye. Kuɗi dai ba su ɓata ba, aljihu aka sauya.

Game da gwanjon kansa, ana iya sa shi kwana 1, ko 3, ko 5, ko 7, ko 10, lokaci na cika an rufe, ba irin na ƙararrawa ba ne da mai gwanjo zai dakata ya ji ko da mai ƙari. Don haka ne gwanaye ke laɓewa sai saura 'yan daƙiƙu su jefa tayinsu. Masu ba da shawara su kan ce a fara da senti 99 don a tara jama'a. Wannan ya yi daidai ga abin da mutane da yawa ke nema. Amma in mutum ɗaya ne kaɗai ya taya, to a senti 99 ka sayar, babu kuma cewa albarka a nan. Ana iya ɓoye wani farashi wanda in tayi bai kai shi ba ba a sayar ba, sai dai shi ma da kuɗinsa, dala 5 ko kashi 7.5 na farashin, wanda ya fi yawa a ciki, ana kuwa cirewa ko an sayar ko ba a sayar ba. Abin da ya fi sauƙi, ka fara daga kuɗin da in an tsaya a kansa ba ka faɗi ba, ko ka yanka farashi ka bar ƙofar tayi a buɗe. Yawancin cinikin gidan ma yanzu haka a ke yinsa. Kada kuwa wani ya sa ƙaninsa ko abokinsa ya riƙa tayin ƙarya don farashi ya hau. An san dabarar, ana kamawa, rufe rumfa ne hukuncinta mafi sauƙi.

MASU SAYE

Tilas mu faɗa tun da wuri, yawancin masu saye mutanen kirki ne, su biya, su karɓa, ba ka ƙara jin ɗuriyarsu ba. Maganarmu a kan 'yan tsirarun nan ne.

Mai sauƙin cikinsu shi ne mai tayi ba biya. Ya ci gwanjo ya yi shiru. Kwana 4 a ke ba shi, in sun wuce sai ka soke cinikin da dalilin rashin biya, ba za a cire maka la'ada ba, shi kuma a rubuta masa. Kana iya miƙa wa wanda ya zo na biyu a tayi, kana kuma iya gyara rumfarka ta ƙi karɓar tayin waɗanda aka rubuta wa irin wannan laifi sau biyu. Ban da ɓata mako guda babu wata hasara.

Sai mai cewa kaya ba su iso ba. Maganinsa lambar bin sawu, wadda gidan waya ke bayarwa, a kuma shigar da ita a shafin cinikin. In lambar ta nuna an kai kaya adireshin da ke rubuce cikin cinikin, gaskiya taka ce. Abu biyu ne ke kayar da mutane a nan. Ɗaya, mai saye ya aiko da saƙo bayan ya biya, ya ce ya ƙaura, ko kyauta ce zai yi wa 'yarsa, a aika wani gari. Ka aika, ka fita daga inuwar dillali. In da gaske ya ke, a soke cinikin ya sake saye da sabon adireshin. Na biyu, in jimlar kuɗi ta kai dala 750, lambar kaɗai ba ta isa ba, sai wanda ya karɓa ya sa hannu. 'Yan dalolin da sa hannun ke ci ba abin ƙyashi ba ne.

Babbar rigima, wadda ta fi kowace cin kuɗi, ita ce mai saye ya ce abin da ya iso ba shi ne aka kwatanta ba. Yana da kwana 30 daga ran da ya karɓa. Da ya faɗi haka, ko da ka rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba ka karɓar kaya in sun fita, rubutun nan bai hana kome ba. Kwana 3 na aiki gare ka ka amsa, kai ne kuma za ka biya kuɗin komowar kaya. Mu koma kan kenten nan. Ka mayar wa mutum da kuɗinsa, dala 12 ta tafiya ta tafi, dala 12 ta komowa ta tafi, kwali ya tafi. Dala 26 ke nan, ta fi ribar ciniki guda. In kai ka daidaita da shi da kanka, la'adarka ta kan komo. In ka yi taurin kai har ya kira kamfanin ya shiga tsakani aka ba shi gaskiya, za a cire kuɗin daga wurinka, la'ada ba ta komowa, a kuma rubuta maka laifi.

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan ne kasuwar da muka gada ta rabu da wannan. A Nima ko a Titi na 116 mai saye na tsaye gabanka. Ya taɓa ƙyalle, ya ɗaga shi a rana, ya shinshina man kaɗe, ya gwada nauyin tsakiya a tafinsa. Kai kuma kana yabon kayanka yadda ka ga dama, kowa ya san daɗin bakin kasuwa ne, ba wanda zai riƙe ka da shi. An sallama, an biya, ciniki ya ƙare. A intanet kuwa mutum bai ga kaya ba, maganarka ya saya. Kowace kalma da ka rubuta alkawari ce, ciniki kuma bai ƙare ba sai wata guda ya wuce. Saboda haka ba duk mai ƙorafi ne mai neman fitina ba. Wanda ya rubuta kente alhali bugun inji ne ba saƙar Bonwire ba, ya ba da wuƙar da za a yanka shi. Haka wanda ya ce yadi 6 ne aka auna aka sami 5 da rabi, da wanda ya kira sassaƙar bara tsohuwar tarihi don ta sha hayaƙi da ƙasa. Masu tara irin waɗannan kaya a ƙasar nan sun san su ƙwarai, wasunsu da littattafansu a gefe.

Dabarar ita ce ka riga mai saye faɗin aibin kayanka. In da tabo, ka ɗauki hotonsa kusa, ka rubuta. Ka ajiye ma'auni kusa da abu a cikin hoto. Ka faɗa cewa aikin hannu ne, ba biyu da ke zama daidai, launi kuma ya kan bambanta daga waya zuwa waya. Mai man kaɗe ta faɗa cewa ya kan narke a hanya lokacin zafi ya sake daskarewa, ƙanshinsa kuma na ɗanye ne, domin Baturen da ya saba da mai na kanti zai zaci ya lalace. Za ka rasa mai saye ɗaya ko biyu da wannan, amma waɗanda ka rasa su ne dama za su komo maka da kaya. Hauren giwa kuwa kada ma a kusance shi: eBay ya hana shi tun 2009, jihar Niyu Yok ta yi doka mai tsanani a kansa a 2014. Haka jaka da agogo na jabu masu sunan manyan kamfanoni.

To, akwai kuma wanda kaya sun yi masa, so ya ke a rage masa kuɗi bayan ciniki ya faɗa. Zai rubuto ya ce akwai ɗan aibi, amma ba ya son wahalar da kai, ka mayar masa da dala 20 a bar magana. Amsarsa guda ce, a kuma ba shi cikin ladabi: ya aiko da hoto, in bai gamsu ba ya mai da kayan a ba shi kuɗinsa duka. Sau da yawa daga nan ba ka sake jinsa. In ya ce ko ka rage ko ya ɓata maka suna a wurin shaida, to ya yi maka alheri bai sani ba, gama ƙa'idar gidan ta hana irin wannan barazana, ana kuma goge zargin in maganar na nan a rubuce cikin saƙonnin eBay. In a waya kuka yi ta, ko a WhatsApp, ba ka da shaida. Don haka kada magana ta fita daga cikin gidan ko sau ɗaya.

Mugun ciki shi ne mai musanya. Ka aika da waya mai lafiya, a komo maka da matacciya irinta, ko kwali da tsumma. Masu sayar da waya da takalma su suka fi gamuwa da shi. Kafin ka rufe kwali ka ɗauki hoton lambar jikin abin, ka sa hoton a cikin tallan ma, domin mai wannan niyya in ya gani ya kan nemi wani. Ka riƙe rasit na gidan waya mai nuna nauyi. In abin ya auku, ka kai rahoto wurin kamfanin da hotunanka, kana kuma iya kai ƙara wurin 'yan sanda da wurin masu binciken gidan waya na Amurka, domin zamba ta hanyar wasiƙa laifi ne na tarayya. Masu kayan da su ke karɓar komowa kyauta, da waɗanda suka kai babban matsayi a gidan, an ba su dama su riƙe har rabin kuɗi in kaya sun komo a lalace. Duk da haka wani lokaci sai an yi hasara, ɗan kasuwa ya sa ta cikin lissafi kamar yadda mai goro ke sa ruɓaɓɓe a kowane huhu.

Wani kuma ba ya bi ta kan dillali, bankinsa ya ke zuwa ya ce bai san da cinikin ba, ko da an yi watanni. A nan banki ke hukunci. Kwana 5 a ke ba ka ka kawo shaida, in ka faɗi ban da kuɗin kaya akwai dala 20 a kai. Wannan ya isa dalilin da zai sa kada a zubar da rasit da hotuna don an ga wata ya wuce. Amma wanda ya ce ka ba shi lambar wayarka ku yi ciniki a waje ku huta da la'ada, ko ya aiko da wasiƙa mai kama da ta kamfani wai an biya, ko ya ce ya biya fiye da kima ka mayar masa da canji, wannan ba mai saye ba ne, ɓarawo ne. Kuɗin da ba ka gani a shafinka na eBay ba, ba a biya su ba.

Sauran magana a kan yadda a ke amsawa. Mutumin zango in an taɓa amanarsa jininsa ya kan hau, ya rantse, ya kira sunan ubansa da na unguwarsu. A kasuwar gida wannan na da amfani, domin akwai dattawan da suka san shi shekara 30. Wanda zai duba rigimarka a kamfani bai san ka ba, bai san ubanka ba, saƙonni da lambobi kaɗai ke gabansa, ga shi da ɗaruruwan irinta. Duk zagin da ka rubuta yana nan ajiye. In saƙo ya ɓata maka rai, ka ajiye waya ka ci abinci tukuna, kwana 3 gare ka ba minti 3 ba. Ka rubuta gajere: ran da aka aika, lambar bin sawu, abin da talla ya ce, abin da za ka yi. In Turancin ya yi nauyi, ka ba ɗanka na makaranta ya duba, ba abin kunya ba ne. In an rubuta maka zargi kana da damar amsawa a ƙarƙashinsa, ka tuna kuwa ba mai zargin ka ke yi wa magana ba, masu zuwa gobe ne za su karanta su auna hankalinka. In an gama, ka sa sunansa cikin waɗanda ka hana shiga rumfarka.

Abin da kuɗinsa bai kai na gidan waya zuwa da komowa ba, mu dai shawararmu a mai da kuɗin a bar wa mutum kayan. Ba tsoro ba ne, lissafi ne. Ran 20 ga kowane wata kamfanin ke auna masu kaya. Wanda cinikinsa masu aibi suka wuce kashi 2, ko rigingimun da ya bari sai da aka shiga tsakani suka yi yawa, ana sauke shi daga matsayi, a ƙara masa a ƙalla kashi 6 a kan la'adar kowane abu da zai sayar. Cin nasara a kan sabulun dala 9 bai kai wannan ba.

ARON RUMFA

Akwai wani abu da ya shafe mu fiye da sauran mutane, watau aron rumfa. Baƙo ya sauka daga Ankara ko Yamai da kaya, bai da asusun banki tukuna, sai mai masaukinsa ya ce ya sayar da sunansa. Halin zango ne, da shi aka riƙe mu duka. Amma a nan kamfanin da hukuma mai rumfa kaɗai suka sani. In baƙo ya kwatanta kaya ba daidai ba, mai rumfa aka zarga, daga asusunsa za a cire kuɗi. In aka rufe rumfar, rufewar ta kan shafi sauran rumfunan da aka ga suna da alaƙa da ita, har ta matarsa. Ga dokar da ta fara aiki a watan Yuni na 2023, wadda ta tilasta wa gidajen ciniki na intanet su tabbatar da suna da banki da lambar harajin duk wanda ya yi ciniki 200 na dala 5,000 a shekara. Ga kuma takardar haraji mai lamba 1099-K, wadda bisa dokar Yuli 2025 a ke aika wa wanda cinikinsa ya wuce dala 20,000 da guda 200, wasu jihohin ma tun bai kai haka ba. Da sunan mai rumfa ta ke zuwa, jimlar kuɗin da suka shiga ta ke nunawa, ba ta san uwar kuɗi ko la'ada ba, sai shi ya kawo rasit ya nuna.

In tilas ne a yi aron, to mai rumfa ya karanta kowane talla da idonsa kafin ya fita, shi zai amsa saƙonni, a kuma buɗe littafi na dabam a riƙa rubuta na baƙo: abin da aka sayar, la'adar da aka cire, kuɗin gidan waya. Kada a miƙa masa kuɗin ciniki sai kwana 30 ɗin nan sun wuce. Ran da takardunsa suka samu ya buɗe tasa. Sabuwar rumfa ana yi mata iyaka a kan yawan kayan da za ta kasa, ana kuma riƙe kuɗinta 'yan kwanaki har kaya su isa, saboda haka ya fara da ƙananan abubuwa masu arha, ya bar kente da tsakiya a akwati sai shaidarsa ta taru.